Wankin Fitar Takaba

Maradun,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Yayana Ɗanlami mai gyaran rediyo, bakin tasha, Talata Mafara.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da matarka Lantana da yara, da su Baba. Yaya ƙafa? An ce mai ɗori ya hana ka takawa tun da ka faɗo daga kan rufi wurin ɗaura eriya. Allah ya ƙara sauƙi, amin.

Yaya, na yi ɓarna. Cikin gaggawa nake rubutun nan, ka yi haƙuri da shi.

Ka san kwamfutar mijina marigayi Malam, wadda yake ɗaukar muryar tsofaffi da ita suna ba da labarin tsohon gari kafin ruwan Bakolori ya ci shi. Abin da ba ka sani ba shi ne abin da ta zama a gidan nan. Tun ranar da kwalekwale ya kife da shi a dam, mahaifiyarsa Inna Marka ta ƙi abinci. Ka san ba ta gani, kuma a can bakin ruwa aka binne shi, ba a kawo shi gida ba. Duk wanda ya yi mata gaisuwa sai ta ce ita ba a yi mata mutuwa ba. Muna cikin haka na tuna akwai hirar da ya ɗauka da ita kanta. Ranar ya shigo ya tarar tana cin tuwo, shi ne farkon hirar yake ce mata, “Inna, ci tuwonki tukuna, ina nan zamne, ba ni zuwa ko'ina. In kin ƙare mu yi hira.” Na kunna mata. Wallahi sai ta jawo kwano. Tun daga ranar haka muke yi safe da yamma, in babu wuta yayan Malam, Ɗantani, ya jawo mana daga janareton firij ɗinsa na nama.

To, shekaranjiya na fita takaba. Ka san yadda ake yi, duk abin da ke ɗakin sai an fitar da shi an wanke, tun daga tabarma har labule. Mata suka taya ni muka gama da komai. Na juya na ga akwatin kwamfutar nan ita kaɗai ta rage da dauɗarta. Ɗakin yana jikin tukubar Ɗantani, hayaƙin nama ya bi ta ya yi maiƙo. Na ce abin da Malam ya fi so shi zan bari a haka? Na kwance ta da sukundireban keken ɗinkina. Yaya, da ka ga cikinta! Gidan zanzaro har a jikin fanka.

Na yi mata yadda nake yi wa kekena, kananzir da gashin kaza. Na zare wasu filanki kore guda biyu masu haƙoran zinariya na wanke su tas, na shanya su a faifai. Na cire fanka na ɗiga mata mai. A ƙarƙashin ƙarfen da ke riƙe da ita na ga wani laka mai ruwan toka, na ɗauka na zanzaro ne, na kankare shi. Da suka bushe na mayar da komai yadda na tuna.

Na danna. Fanka ta juya, gilashi ya tsaya baƙi ƙirin, sai wani kuka mai tsawo da take yi tana maimaitawa. Inna tana zaune da kwano a gabanta tana jira.

Tun daga lokacin ba ta sa komai a bakinta ba sai ruwa. Ka san jikinta, ba wani abin da za ta ci daga ciki. Na shiga uku, Yaya. Ba zan iya aiko maka da akwatin ba, don kullum sai ta lalubo ta ta dafa, kuma hanya ta lalace da ruwan saman nan. Ka faɗa mini abin da zan yi da hannuna. Ka ba Gajere direba amsa gobe, don Allah kada ta kwana.

Ka gaida kowa. Ka huta lafiya.
Ni ce ƙanwarka,
Taibatu.

*

Talata Mafara,
Ranar Litinin.

Zuwa ga ƙanwata Taibatu.

Wa alaikumus salam. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya jiƙan mijinki Audu, ya sa ya huta, ke kuma Allah ya ba ki ladan zaman da kika yi. Ƙafa da sauƙi, sai dai har yanzu ɗaukata ake yi a dire a shago kamar buhun shinkafa.

Kananzir, Taibatu! Tun muna yara ke ce mai wanke abin da ba a sa ki ba, har agogon Baba bai tsira ba. Na fara dariya da na karanta, da na kai wurin Inna sai dariyar ta ɗauke. Ki natsu ki ji, kuma kada ki tsallake ko ɗaya.

Ki zare wayarta daga bango, kada ki sake kunna ta sai kin gama. In akwai sauran warin kananzir a ciki ki bar ta a buɗe a inuwa ta sha iska, ba a rana ba, wannan ba kilishi ba ne. Akwai wani ɗan jan makunni a baya kusa da inda wayar wuta ke shiga. Shi kam ko da wasa kada ki taɓa shi, in ya goce hayaƙi za ki gani.

Kukan da take yi ba kukan mutuwa ba ne, ƙorafi take yi ba ta ji filankin nan ba. Ki aika kemis a sayo sifirit da auduga. Ki zare su, ki riƙe su ta gefe, ki goge haƙoran da abin goge fensir har su yi haske, sannan ki bi da sifirit ya kwashe maiƙon. Ki duba za ki ga giɓi a cikin haƙoran, a ramin ma akwai ɗan tudu, su biyun za ki daidaita. Sai ki danna da manyan yatsu biyu har ki ji ƙas, fararen kunnuwan nan na gefe su rufe da kansu. Na san ki da lallaɓa abu. Nan ba wurin lallaɓawa ba ne.

Lakan da kika kankare ba na zanzaro ba ne, da gangan aka sa shi don ya ja zafi. Ba ni da shi, na sa a tambayo mini wurin wani mai shagon buga takardu da na ɗan koyi aikin nan a hannunsa.

Yanzu ga abin da ya fi tayar mini da hankali, kuma ki ba ni amsa ba kwana-kwana. Akwai wani ƙarfe mai nauyi, girmansa kamar sandar sabulu, da takarda a manne a bayansa, wata waya mai faɗi tana shiga cikinsa. Muryar Audu a nan take, sauran duk masu yi mata hidima ne. Kowanne ya mutu ana samun wani, shi in ya mutu shi ke nan. Kin taɓa shi? Kananzir ya kai gare shi? Kuma Audu bai taɓa juye hirar nan a kaset ba?

Ki gwada Inna da farau-farau ko ruwan fura, ko da cokali ne. Ki sanar da 'yarta Hindu a Bakura, kada ta ji a bakin 'yan kasuwa.

Lantana tana gaishe ki. Allah ya kawo mana sauƙi.
Yayanki,
Ɗanlami.

*

Maradun,
Ranar Laraba.

Zuwa ga Yayana Ɗanlami.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kun tashi lafiya.

Amsarka tukuna. Babu kaset, kai tsaye ya ɗauka, kullum yana cewa zai juye bai samu yi ba. Ƙarfen nan kuwa na ciro shi. Ban tsoma shi ba, don na ga rubutu a takardar na ji tsoron ya goge, amma na shafe shi da tsumman da ke hannuna, kuma tsumman da kananzir. Na kuma girgiza shi a kunnena don in ji ko akwai ƙasa a ciki. Tun da na karanta wasiƙarka gabana yake faɗuwa.

Na yi duk abin da ka ce. Ashe ɗaya filankin a juye na cusa shi. Na danna har na ji ƙas ɗin. Da na kunna ta yi ɗan kuka gajere sau ɗaya, fararen rubutu suka fito. Na yi hamdala da ƙarfi har mata suka leƙo. Sai ta tsaya a kan wani layin Turanci ta ƙi wucewa. Na kwafe shi na aika wa wani malami abokin aikin Malam, ya ce cewa take yi ba ta ga inda za ta tashi ba. Kafin ɗan aiken ya dawo ma ta ɗauke da kanta, na taɓa ƙarfen fankar ya kusa ƙona ni. Ban sake ba.

Yaya, ba ta ga inda za ta tashi ba, ma'anarsa ƙarfen nan ne ko? Na kashe shi ko?

Inna ta ji ɗan kukan nan. Ta gyara zama ta lalubo kwano, ta karkata kunne. Da shiru ya yi yawa ta ce, “Taibatu, mi ya hwaru? Hushi shikai da ni?”

Jiya Ɗantani ya kawo dabara. Ka san muryarsu da Malam tana kama. Ya ce zai tsuguna bayan tebur ya faɗi maganar, tunda duk gidan mun haddace ta. Ban so ba, amma ba ni da wata. Ya wanke hannu, ya canza riga don kada ta ji warin mahauta, ya tsuguna. Ko rabi bai kai ba ta ɗauki kwanon ta wurga wajen da yake. Ta ce, “Ɗantani, ni za ka yi ma wasa? Ni nih haihe ku duka biyu.” Babban mutum mai iyali ya fita yana kuka kamar yaro.

Yau ko zama ba ta iya yi sai an jingina ta. Leɓenta ya tsattsage. Malamin asibiti ya zo zai sa mata ruwa ta fizge hannu, ya ce in aka ci gaba a haka shi ba ya da abin faɗi. Ɗazu na tsaya ina kallon zanenta don in ga ko yana motsi.

Gidan nan ba wanda ya ce mini komai, kuma wallahi gara a zage ni. Na rubuta wa Hindu.

Ka yi mana addu'a.
Ƙanwarka,
Taibatu.

*

Bakura,
Ranar Alhamis.

Zuwa ga Taibatu.

Salamu alaikum. Ina gaisuwa. Ina gaida Inna in tana ji.

Na ga takardarki. Ba zan ɓoye miki ba, da na karanta sai da na ce abin da bai kamata ba, maigidana ya kwaɓe ni. Wa ya aike ki? An ce a wanke ɗaki, ba a ce a yi fiɗa ba. Kin zauna gidan mahauta har kin koyi buɗe ciki.

Amma na kwana da abin a raina. Ni da na fito daga cikinta ban samo abin da zai sa ta ci ba, ke kika samo. Ke kike ɗaga ta kike kwantar da ita tun rasuwar Audu, ni ina nan da tsohon ciki ina aiko gaisuwa. Don haka ki bar cewa ke kika kashe ta, Inna ba ta mutu ba, kada ki jawo mana.

Ga abin da za a yi. Ki daina gyara da takarda, lokaci yana tafiya. Ki naɗe akwatin nan a bargo, ki ba Gajere gobe, ki ce a gaban mota za ta zauna, wani ya riƙe ta a cinya har Mafara, kada a haɗa ta da fatu a baya. In Inna ta laluba ba ta ji ta ba ki ce mata an kai gyara, gaskiya ce ai.

Ungozoma ta ce kada in hau mota. Zan hau. In na haihu a hanyar Maradun sai a ce ɗan hanya ne. Tsoro nake ji, Taibatu, kada in iso in tarar da mutane a ƙofar gida. Ki riƙe mini ita.

Sai na zo.
Hindu.

*

Talata Mafara,
Ranar Asabar.

Zuwa ga ƙanwata Taibatu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta tarar da Inna da rai.

Gajere ya iso da ita jiya, a cinyar wata tsohuwa da ya yafe wa kuɗin mota, ta riƙe ta kamar jinjiri. Na rufe shago na sa aka kori masu hira daga bencina.

Da na buɗe sai da na ce masha Allah, ban taɓa ganin cikin kwamfuta mai tsafta irin wannan ba. Na samu abin jan zafin, na shafa, na tarar ma ƙugiyar ƙarfen fankar gefe ɗaya kawai kika maƙala, shi ya sa take ɗaukewa. Wannan ya wuce. Sai na zo kan ƙarfen nan mai nauyi, a nan na ga babbar ɓarnar. Wayar mai faɗi a juye take, jan layinta yana kallon inda bai kamata ba, kuma kin tura ta da ƙarfi har allura ɗaya daga cikin na bakinsa ta kwanta. In ta karye babu mai dasa ta a garin nan. Na ɗauko hantsakin da nake aikin rediyo da shi, na sake duban allurar. Na ajiye. Na yi alwala a zaune, na yi salla, na dawo. Na riƙa ɗaga ta kaɗan-kaɗan ina riƙe numfashi, zufa tana ɗiga a kan ɗorina, har ta miƙe.

Takardar bayansa kuwa ta sha kananzir, ta yi duhu har kusa da wani ɗan rami da yake shan iska ta nan. Ban san ko ya shiga ba. Babu yadda zan sani sai na kunna, kuma in ya shiga, kunnawar ce za ta ƙarasa shi. Na daɗe da yatsa a kan makunni. Lantana ce ta kawo abinci ta gan ni a haka, ta ce ai zaman da nake yi ma kashe tsohuwar yake yi. Na yi bisimilla na danna.

Taibatu, ta tashi. Na nemo hirar inda kika kwatanta wa Gajere, na haɗa lasifika. Audu ya yi magana a shagona. Har ƙarar cokali da kukan awakinku duk suna nan. Ban san na yi kewarsa haka ba, Lantana ta ja ƙofa don kada 'yan tasha su gan ni.

Ban yarda da ƙarfen nan ba, yana wani ɗan ƙara da ba na so. Yanzu haka ina juye hirar a kaset, wanda kowace rediyo za ta ci, ba sai an jira wuta ba. Gobe da sassafe Gajere zai kawo muku ita da kaset ɗin. Ki shiga ki faɗa wa Inna a kunne cewa gobe ne. Ta daure mana zuwa gobe.

Yayanki,
Ɗanlami.

*

Maradun,
Ranar Asabar da yamma.

Yaya Ɗanlami, assalamu alaikum.

Takardarka ta zo, na karanta wa Hindu da Ɗantani, mun gode Allah mun gode maka. Inna tana da rai. Amma ban shiga na faɗa mata ba, ga dalili.

Jiya bayan an tafi da akwatin ta miƙa hannu ta shafa tebur ta ji wayam. Na ce an kai gyara. Ta bar hannunta a wurin har Hindu ta iso, har aka yi la'asar. Mun ɗauka tafiya ce ta zo, Hindu ta fara yi mata kalmar shahada. Sai ta ce a kira Ɗantani. Ya durƙusa a gabanta. Muryarta da ƙyar take fita, ta ce, “Kai ka je bakin ruwan?” Ya ce shi ne. Ta ce, “An yi mai wanka?” Ya ce da hannunsa ya yi masa. Ta ce, “An samu likkahwani, ko haka nan kunka turbuɗe min ɗa?” Ya ce sabo fil, mutanen ƙauyen suka kawo, kuma sahu ya cika.

Ta kama hannun nasa ta shafa shi ciki da baya, ta ɗora a fuskarta. Sannan ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da Malam ya rasu, har maƙwabta suka shigo babu takalmi. Da ta yi shiru ta ce maƙoshinta ya bushe. Na dama kunu, Hindu ta riƙe mata kai. Ta sha kaɗan jiya, yau ta sha rabin kofi, kuma ba ta tambayi akwatin ba.

Ka riƙe ta a wurinka tukuna, kada ka ba Gajere. Inna ta ce gobe a shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida, a faɗa wa mutane su zo su yi mata gaisuwar ɗanta.

Ka huta lafiya.
Taibatu.